Amanar Ƙasa da Tsaron Ruwa a Hamadar Amurka

Duk sa'ad da aka zo zancen kiyaye daji da abin da ke rayuwa cikinsa a ƙasashen da ruwan sama ya yi wa ƙaranci, akan ji an ambaci waɗansu ƙungiyoyi na Amurka waɗanda ake ce wa masu riƙon amanar ƙasa. Kuma da yake sunan ya iso kunnuwan jama'a ba tare da bayaninsa ba, an rarrabu a kan ma'anarsa, waɗansu na zaton wata hila ce da hukuma ke bi ta karɓe filayen talakawa da sunan gandun daji, waɗansu kuwa na ɗauka attajirai ne ke sayen jeji su kewaye shi da waya, su kori makiyayi da dabbarsa don namun daji su sake. Kowane zato daga cikin biyun nan yana da ɗan abin da ya dogara a kai, amma babu wanda ya kama asalin al'amarin, wanda shi ne cewa a ƙasa mai fari babbar musibar da ke sāmun fili ita ce a yayyanka shi gunduwa-gunduwa, kuma amanar ƙasa dabara ce ta shari'a da aka ƙago don hana wannan yanka. Za mu duba mas'alar ta wajen makiyayan Malpai, a kan iyakar jihohin Arizona da New Mexico da ƙasar Meksiko, domin a wurinsu ne fa'idar tsarin da gaibunsa suka fi fitowa fili.

Ma'anar abubuwan da ake magana a kai

Ƙungiyar amanar ƙasa ƙungiya ce mai zaman kanta, wadda ba ta neman riba, kuma ba reshen gwamnati ba ce, aikinta shi ne ta riƙe fili, ko ta riƙe wani hakki daga hakkokin fili, domin maslahar jama'a ta dindindin. Iri biyu ne, kuma cakuɗa su na daga cikin sabubban ruɗanin. Na farko shi ne wanda manufarsa kiyaye daji da ruwa da gonaki, asalinsa kuwa yana komawa ga wata ƙungiya da aka kafa a jihar Massachusetts a 1891. Na biyu shi ne wanda aka fi sani da amanar ƙasa ta al'umma, inda ƙungiya ke mallakar filin ta ba mazauna haya mai tsawo, galibi ta shekara 99, su gina ko su noma, ba tare da wani ya iya sayar da ƙasar da ke ƙarƙashinsu ba. Wannan ya fara ne a 1969 a jihar Jojiya, lokacin da baƙaƙen fata masu fafutukar neman 'yanci suka kafa New Communities a kan eka wajen 5,700. A hamada irin na farko ya fi yawa, sai dai waɗanda suka yi albarka a cikinsu su ne waɗanda suka ɗauki ruhin na biyu, wato mutanen wurin su ne ke zaune a majalisar gudanarwa.

Babban makamin ƙungiyoyin nan shi ne abin da za mu kira sharaɗin kiyayewa. Bayaninsa kuwa shi ne, mallakar fili a shari'ar Amurka tarin hakkoki ce waɗanda ake iya rabawa: hakkin kiwo, da na noma, da na gini, da na yanka filin a sayar fuloti-fuloti, da na gadarwa. Mai fili yakan sayar wa ƙungiya, ko ya ba ta kyauta, hakki ɗaya tak, wato na yankawa da gini, ita kuwa ta karɓa ba don ta yi amfani da shi ba sai don ta ɗaure shi, a rubuta a littafin rajistar filaye, sharaɗin ya bi ƙasar duk hannun da ta shiga. Mai filin yana nan da kiwonsa, yana iya sayarwa, magadansa kuma su gada, amma dukansu da sharaɗin za su karɓa. Ƙididdigar da haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu wannan aiki ta yi a 2020 ta nuna sun kiyaye eka miliyan 61 a faɗin Amurka, eka ɗaya kuwa ba ta kai rabin hekta ba.

Sauran kalma ɗaya ita ce matattarar ruwa, abin nufi dukan ƙasar da ruwan samanta ke gangarowa ya haɗu a rafi ɗaya, tun daga kan dutse har zuwa fadama. Wanda ke zaune a gindin kwari yana shan sakamakon abin da na kan tudu ya aikata, ko sun san juna ko ba su sani ba.

Yadda ƙasar ta lalace tun farko

Dokar rabon filaye da Amurka ta yi a 1862 ta ba kowane magidanci eka 160, gwargwadon da ya wadaci manomi a gabashin ƙasar inda damina ke da albarka, alhali a yammacinta wannan ba ya ciyar da ko 'yan shanu kaɗan. Wani masanin ƙasa mai suna John Wesley Powell ya gane haka, ya rubuta wa hukuma rahoto a 1878 yana cewa makiyayi a busasshiyar ƙasa ba zai rayu da abin da ya gaza eka 2,560 ba, daga baya kuma ya ba da shawara a shata iyakokin mulki bisa ga matattarar ruwa maimakon miƙaƙƙun layukan da ake ja a takarda. Ba a saurare shi ba, domin shawararsa ta saɓa wa masu son a cika yamma da jama'a da gaggawa.

Da jirgin ƙasa ya iso Tucson a 1880, sai aka kwararo shanu kudancin Arizona ba adadi, kowa na gaggawar cinye ciyawa kafin maƙwabcinsa ya riga shi, tun da ba mai iko da makiyayar balle ya tanada ta. Kuma da farin 1891 zuwa 1893 ya sauka, tsakanin rabi da kashi uku cikin huɗu na shanun yankin suka mutu, suka bar ƙasa tsirara. Ruwan da ya biyo baya bai sami saiwar da za ta tare shi ba, sai ya haƙa zaizayar da ta mai da fadamu masu laima kwazazzabai masu zurfi, ruwan ƙasa ya ja ƙasa, maɓuɓɓugai suka ƙafe. A kan wannan kuma hukuma ta ƙara wani kuskure da niyya mai kyau, wato kashe duk gobarar daji da ta tashi, ba a lura ba cewa wutar da tsawa ke kunnawa a farkon damina ita ce ke ƙone ƙananan itatuwa ta bar wa ciyawa fili. Da wuta ta ɗauke shekara da shekaru, sai wata itaciya mai ƙaya da ake kira meskit, 'yar uwar ƙiryarmu, ta mamaye makiyaya.

Musiba ta uku ta zo ne a ƙarshen ƙarni na ashirin, ita ce kuma ta haifi amanar ƙasa a yankin. Mutanen birni masu sha'awar zaman karkara suka fara sayen manyan makiyaya ta hannun dillalai, ana yanka su eka arba'in-arba'in ko ƙasa da haka, kowane fuloti da hanyar motarsa da shingensa da rijiyarsa. Makiyayar da aka yi wa kiwo fiye da kima tana iya farfaɗowa idan an hutar da ita, amma wadda aka yanka aka gine ba ta komawa yadda take, ba a iya sa mata wuta saboda gidaje, namun daji ba sa ratsa ta, rijiyoyinta kuma suna zuƙe ruwan da rafi ke dogara da shi.

Makiyayan Malpai

Ƙasar Malpai ta kai eka wajen 800,000, duwatsu da kwaruruka, inda hamadar Sonora da ta Chihuahua suka haɗu da tsaunukan Meksiko, ruwan samanta a kwari wajen milimita 350 ne a shekara, mafi yawansa a 'yan watannin damina daga Yuli zuwa Satumba. A Yulin 1991 wata gobara ta tashi a makiyayar iyalin Glenn, masu filin suka roƙi a bar ta ta ci ƙayar da ta dame su, ma'aikatan gandun dajin tarayya suka kashe ta duk da haka. Wannan ya sa maƙwabta suka fara zama suna shawara, kuma abin mamaki, suka gayyato masana kimiyya da 'yan ƙungiyar kiyaye daji ta The Nature Conservancy, mutanen da makiyayan yamma a zamanin nan ke ɗauka abokan gaba, domin a lokacin akwai masu kiran a kori shanu ƙaf daga filayen gwamnati. A 1994 aka yi wa ƙungiyar Malpai Borderlands Group rajista, makiyayan da kansu ke jagorancinta.

Dabararsu da ta fi shahara ita ce wadda suka kira bankin ciyawa. Akwai wata babbar makiyaya a yankin, da ake kira Gray Ranch a lokacin, mai eka fiye da 300,000, wadda The Nature Conservancy ta saya a 1990, daga baya ta koma hannun wata gidauniya ta mutanen wurin da sharaɗin kiyayewa a kanta. A wancan lokacin, makiyayin da fari ya cinye masa ciyawa, maimakon ya karyar da shanunsa ko ya sayar wa dillali, sai ya kai garkensa can su yi shekaru suna kiwo, tasa ƙasar tana hutawa. Kuɗin ciyawar kuwa ba da tsaba yake biya ba, da sharaɗin kiyayewa yake biya, wanda yake rubutawa ga ƙungiyar a kan filinsa gwargwadon ƙimar abin da dabbobinsa suka ci. Ta wannan hanya da kuma ta saye kai tsaye, ƙungiyar ta ɗaure fiye da eka 70,000 na filayen masu zaman kansu. Ta kuma komo da wuta, tun daga ƙunar farko ta 1995 har zuwa ta 2003 wadda ta ci fiye da eka 40,000 bisa tsari, abin da ba zai yiwu ba da a ce akwai gidajen baƙi warwatse a tsakiya.

Akwai ƙissa biyu da suka sa duniya ta san su. A Maris 1996 Warner Glenn, wanda maharbi ne ban da kiwo, karnukansa suka tare wani irin damisa da ake kira jaguwa a duwatsun Peloncillo, dabbar da aka daɗe ana zaton ta ƙare a Amurka. Ya ɗauki hotonta ya bar ta ta tafi, ya kuma bayyana labarin, ko da yake ya san bayyanawar na iya jawo wa makiyaya ƙarin dokoki. Iyalin Magoffin kuwa, da fari ya kusa ƙafar da tafkin shanunsu inda wani kwaɗo mai ƙarancin samuwa ke zaune, suka dinga ɗauko ruwa a mota mako-mako har tsawon lokaci don kada ya halaka. Ba a kawo waɗannan don a ce makiyayan waliyyai ba ne. Hujjar da ke ciki ita ce mutumin da ya amince ba za a ƙwace masa ƙasa saboda abin da aka samu a cikinta ba, ba ya da dalilin ɓoye shi ko kashe shi.

Ruwan da ake gani da wanda ba a gani

A hamada, bakin rafi ɗan siririn yanki ne, amma mafi yawan tsuntsaye da namun daji da shi suke rayuwa, saboda haka gyaran matattarar ruwa shi ne rabin aikin. Hanyar da aka fi bi tsohuwa ce kuma mai araha, wato jera duwatsu a gicciye cikin ƙananan kwazazzabai, ba don a datse ruwa ba sai don a rage masa gudu, ya ajiye ƙasar da ya ɗauko, ya nutse a hankali. Manomin Tawa ko Keita da ya saba jera duwatsu a gangare ba zai ga baƙon abu a nan ba. A duwatsun Chiricahua da ke maƙwabtaka, inda masu wata makiyaya suka jera dubban irin waɗannan, masu binciken hukumar nazarin ƙasa ta Amurka sun gwada kwarin da aka gyara da wanda ba a taɓa ba, suka tarar ambaliya ta fi sauƙi a na farko, kuma ruwan da ya gudana a cikinsa ya fi yawa da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu.

Sai dai a nan ne iyakar ƙarfin amanar ƙasa take bayyana. Sharaɗin kiyayewa yana ɗaure saman fili ne da hannun mai shi, ba ya ɗaure tafkin da ke ƙarƙashin ƙasa, wanda bai san shinge ba. Shari'ar Arizona ta raba hukuncin ruwan rafi da na rijiya kamar ba su da dangantaka, kuma dokar ruwan ƙasa ta 1980 ta sa iyaka ne a waɗansu yankuna kawai, ta bar mafi yawan karkara kowa ya ja iyakar ƙarfin injinsa. Kogin San Pedro, wanda gwamnatin tarayya ta keɓe bakinsa a 1988 kuma ƙungiyoyi suka sayi filaye da yawa a gefensa, shi ne shaida: rijiyoyin garin Sierra Vista da kewaye sun ci gaba da zuƙar ruwan da ke ciyar da shi, har a Yulin 2005 ma'aunin ruwa da ke Charleston ya nuna kogin ya tsaya cak, karo na farko tun da aka fara aunawa. Haka nan a 2019 da 2020, lokacin ginin katangar iyaka tsakanin Amurka da Meksiko, an ja ruwan ƙasa mai yawa don kwaɓa siminti kusa da maɓuɓɓugan San Bernardino, a cikin ƙasar Malpai, katangar kuma ta tare hanyoyin da namun daji ke bi, babu wata takardar sharaɗi da ta iya hanawa. Abin da ya kawo ɗan sauƙi ta hanyar siyasa ya zo: mutanen kwarin Douglas sun jefa ƙuri'a a Nuwamban 2022 suka amince a sa wa ruwan ƙasarsu iyaka, na Willcox suka ƙi, har hukumar jihar ta ɗora musu a ƙarshen 2024.

Saɓanin ra'ayi

Masu suka sun kasu, kuma ba daga gefe ɗaya suke ba. Waɗansu masu kishin daji suna ganin kiwo a hamada ɓarna ce ko yaya aka tsara shi, kuma biyan makiyayi don kada ya yanka filinsa tallafi ne ga sana'ar da ta lalata ƙasar tun farko. Hujjarsu game da tarihi gaskiya ce, amma ba su amsa tambayar wanda zai riƙe filin idan makiyayi ya tashi ba, alhali an ga wanda ke zuwa bayansa. Waɗansu kuma daga masu kare hakkin mallaka suna cewa ba daidai ba ne matacce ya ɗaure hannun rayayye har abada, tun da yanayi na sauyawa kuma abin da ya zama maslaha yau yana iya zama mafsada bayan shekara ɗari. Makiyayan Malpai ma sun ji wannan tsoro, shi ya sa a yarjejeniyoyinsu na farko aka sa cewa sharaɗin na iya warwarewa idan makiyayi ya rasa izinin kiwo a filayen gwamnati ba da laifinsa ba, domin a yankin ba makiyayar da ke tsayuwa da filinta kaɗai.

Suka mafi nauyi ita ce ta haraji. Tun 1980 dokar tarayya ta tabbatar da rangwamen haraji ga wanda ya ba da sharaɗi na dindindin, rangwame kuwa mai dukiya ne ke amfana da shi. Har waɗansu 'yan kasuwa suka mai da abin sana'a, su sayi fili da araha, su sa a kumbura ƙimarsa, su sayar wa attajirai rabon rangwamen, sai a Disamban 2022 majalisa ta taka wa wannan burki. Akwai kuma tambayar wace ce al'ummar da ake riƙe wa amanar. Ƙasar Malpai ta ƙabilar Apache ce kafin a ƙwace ta, a cikin duwatsun Peloncillo ɗin nan ne jagoransu Geronimo ya miƙa wuya a 1886, zuriyarsu kuwa ba su ne ke zaune a kanta yau ba. Waɗansu ƙabilun asali sun ɗauki makamin da kansu, kamar ƙungiyar da suka kafa a Kalifoniya a 1998 wadda ke riƙe da wurare masu alfarma gare su a hamadar Mojave.

Kusancinsa da hubusi da hima

Wanda ya karanci fiƙihu zai ga tsarin nan bai yi masa nisa ba. Wakafi, wanda malamanmu na Malikiyya suka fi kira hubusi, shi ne a tsare asalin dukiya a sake amfaninta, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Haibara. Bambancin shi ne a sharaɗin kiyayewa filin yana nan ana sayarwa ana gada, hakki ɗaya ne aka tsare. Jayayyar dawwama ma ba sabuwa ba ce, domin Malikiyya sun halatta hubusi na ƙayyadadden lokaci, saɓanin waɗanda suka sharɗanta har abada. Hima kuwa, wato makiyayar da shugaba ke keɓewa don maslahar jama'a, kamar Naƙi'u kusa da Madina da Rabaza a zamanin Umar, ta fi kama da gandun hukuma. Amma umarnin da Umar ya ba mai tsaronta, cewa ya shigar da mai 'yan raƙuma da 'yan tumaki ya hana garkunan manyan mawadata, ya taɓa ainihin abin da masu sukar rangwamen haraji ke kuka a kai. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi a kan hukuncin ƙasar da ba ta da mai ita, mai suna Ta'alimur Radi, hurumin gari da burtali da mashaya kuma duk hakkoki ne na jama'a da al'adarmu ta sani.

Amma ɗauko takardar Amurka a dasa ta a Nijeriya ko Nijar ba abu ne mai sauƙi ba, domin an gina ta a kan mallaka cikakkiya ta mutum ɗaya, da rajista tabbatacciya, da kotun da za ta tilasta wa magaji na uku cika sharaɗin kakansa. A Nijeriya dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙe da shi izinin zama ne wanda ake iya sokewa, makiyayun da aka keɓe a ƙarƙashin dokar Arewa ta 1965 kuma da yawansu gonaki da gine-gine sun cinye su, duk da sunansu na nan a takarda. Nijar ta bi wata hanya da dokar karkara ta 1993, wadda ta kafa kwamitocin filaye har zuwa matakin ƙauye don shata burtali da makiyaya. Ko a Amurka ma, abin da ke ci wa ƙungiyoyin nan tuwo a ƙwarya yanzu shi ne kuɗin sa ido, domin wajibi ne kowace shekara a duba kowane fili a tabbatar ba a keta sharaɗi ba, kuma an lura yawancin shari'un da ake kaiwa kotu ba da wanda ya sa hannu ake yin su ba, da wanda ya saya ne daga baya ko ya gada.